Rijiyar da Ta Rufta da Sallau

A shekarun da gyaɗa ke tashe a Matameye, wajajen 1955, ba wanda ya kai Alhaji Abdulra'uf sayenta. Ɗan gidan fatake ne daga Damagaram. Ya sauko Matameye saboda hanyar Kano ta nan ta bi, ya gina gida mai babban zaure kusa da kasuwa, ya share fili a bayan gari inda ake jibge buhuna har su yi tsayin itace. Wani kamfanin Faransawa yake saya wa. Yana kuma da garka a bakin korama, mai rake da mangwaro da albasa. Mutum ne mai fara'a a masallaci, ran Juma'a yakan raba waina a ƙofar gida. In ka tambayi manyan gari, sai su ce maka ba su taɓa ganin laifinsa ba.

Da zai taso daga Damagaram, cikin abin da aka raba masa na gidan ubansa har da mutum uku: Sallau, da matarsa Baiwa, da ƙanwarsa Tata. Iyayensu saye aka yi tun kafin zuwan Nasara. Nasara sun daɗe da yin shela cewa bauta ta ƙare, amma shelar a dandali ta tsaya, ba ta shiga madafa ba. Baiwa a cikin gidan aka haife ta, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya ko baiwar Allah ake nufi da sunan ko ɗayar.

Baiwa da Tata su ke daka, su ke ɗebo ruwa, su ke wanki. In an kwashe tuwo, ƙanzon tukunya ne rabonsu. Ba sa zama kan tabarma in Hajiya Rabi'atu, matar Alhaji, tana tsakar gida. Ba sa shiga ta zaure, akwai wata 'yar ƙofa ta baya kusa da turken dabbobi, ta nan suke bi. Baiwa kakkaura ce, ba ta da yawan magana, ta haihu sau biyu ba su zauna ba. Tata siririya ce mai kaifin baki. An taɓa neman aurenta, Alhaji ya ce in ta tafi wa zai yi wa Hajiya wanki, magana ta mutu a nan. Shi kuwa Sallau garka ce a hannunsa, can yake yini.

Bayan kaka ta wannan shekara, wani abokin Sallau da ke Ɗan Barto ya ce zai yankar masa gona in yana so. Sallau ya daɗe yana juya maganar a ransa. Ran nan ya tarar da Alhaji a zaure da mutanensa, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Alhaji, ranka ya daɗe, izini nake nema. In damina ta matso ina so in koma Ɗan Barto da iyalina, in yi noma na kaina."

Alhaji yana ɓare goro. Ya dube shi, ya yi dariya.

"Na kanka? Wa ya ba ka kan naka?"

Mutanen zaure suka yi dariya, saboda Alhaji ya yi. Sallau ya tashi ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita. Bai sake tayar da maganar ba, amma Alhaji bai manta ba.

Da rani ya yi nisa, rijiyar garka ta fara ja baya. Rijiyoyin korama ba su da zurfi sosai, sai dai ƙasar wurin rairayi ce, ba ta da riƙo. Alhaji ya zo dubawa, ya ce Sallau ya shiga ya yashe ta.

"Alhaji, gindinta ya zaizaye," in ji Sallau. "Da an kira masu haƙa daga Kance sun ɗaure ta da itace tukuna. In aka taɓa ta a haka, ba za ta tsaya ba."

"Albasata na ƙonewa kana kawo mini zancen Kance? Tun da ka sa Ɗan Barto a ranka jikinka ya mutu. Gobe da safe ka shiga."

Washegari ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Baiwa da Tata suna sama suna jan guga cike da laka suna zubarwa. Da hantsi ya ɗaga sai suka ji wani irin ƙara daga ciki, kamar rumbu ya zube. Bakin rijiyar ya girgiza a ƙarƙashin ƙafafunsu. Suka leƙa, ba su ga komai ba sai ƙura. Can suka ji muryarsa.

"Ina nan da rai. Ƙasa ta riƙe ni zuwa ƙirji. Ku kira maza, maza-maza!"

Suka kama igiyar suka ja iya ƙarfinsu, ya yi ƙara ya ce su bari, za su raba shi biyu. Baiwa ta ce wa Tata ta zauna da shi tana masa magana, ita ta zuba da gudu. Ɗankwalinta ya faɗi a hanya, ba ta waiwaya ba.

A filin gyaɗa ta sami Alhaji zaune a rumfa kusa da ma'auni. Kamyo biyu, manyan motocin kaya, na tsaye, 'yan dako cike da fili suna loda buhuna. Ta faɗi a gabansa.

"Alhaji, rijiya ta rufta da mijina! Yana da rai, yana magana. A ba ni maza su tono shi!"

'Yan dako suka tsaya cak. Wani daga cikinsu, Ɗanladi mutumin Dawce, ya jefar da buhun da ke kansa ya nufi hanyar korama. Alhaji ya miƙe.

"Kai! Duk wanda ya bar filin nan yanzu, kada ya sake tako shi bana. Motocin nan sai sun haye iyaka yau. A gama lodi, sannan a je." Ya juyo wajen Baiwa. "Tunda yana magana ai da sauransa."

Ɗanladi ya tsaya. Yana da 'ya'ya, kuma ba wani aiki a garin in ba gyaɗa ba. Ya dawo, ya sunkuya ya ɗauki buhunsa, bai dubi kowa ba. Baiwa ta kama gefen rigar Alhaji da hannu biyu.

"Don Allah, don Annabi. Mutum huɗu kawai."

"Cika mini riga," in ji shi, ya fizge.

Ta tashi ta bi gida gida tana kururuwa. Majiya ƙarfi duk suna wajen gyaɗa. Ta samu tsofaffi da mata suka biyo ta da fartanya da ƙwarya. Da suka iso garka suka tarar da Tata kwance rub da ciki a bakin rijiya, muryarta ta dushe. Ƙasa ta sake zubowa, ta rufe shi gaba ɗaya, sai igiya kawai ke fitowa daga cikin rairayi.

"Yana ta tambayata ko maza na tafe," in ji Tata. "Na ce masa suna hanya. Na yi ta ce masa suna hanya. Da ya ji ƙasa ta sake motsi sai ya yi shahada."

Sai bayan la'asar Alhaji ya iso da 'yan dako a bayansa. Ya zagaya ramin, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Kai, rijiya ta lalace."

Abin da ya fara fitowa daga bakinsa ke nan, kowa ya ji. Sannan ya ce ba zai sa wasu mutanen cikin haɗari saboda gawa ba, a cike ramin, a yi masa salla a nan, kabarinsa ke nan. Aka dubi liman, Malam Mussa, wanda a gidan Alhaji yake cin tuwon dare. Ya ce in ana tsoron halaka shari'a ta yarda. Aka yi sahu a bakin rami aka yi kabbara huɗu, aka tura ƙasa. Ba wanka, ba likkafani.

Da gari ya waye Baiwa ta je ƙofar ɗakin Hajiya ta durƙusa.

"Hajiya, zan shiga takaba."

"Ki shiga mana," in ji Hajiya, tana shafa turare a hannu. "Amma takabar baiwa rabi ce, ki tambayi malamai. Kuma ba ta hana daka. Akwai baƙi yau."

Baiwa ta ɗauki taɓarya. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Da aka kwana biyu ta saci jiki ta tafi bariki don ta kai ƙara wurin kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin. Gardin da ke ƙofa, ɗan sandan Nasara, ya tambaye ta daga gidan wa take, ta faɗa, ya ce kumandan ba ya nan. Kafin ta dawo gida labari ya riga ta. Alhaji ya sa aka ɗaure ta a turken dabbobi ta yini a rana, ya hana a ba ta ruwa. Tata ce ta kwance ta da magariba, ba ta nemi izinin kowa ba.

Ba a jima ba sai ga masu haƙa rijiya daga Kance, su ɗin da Sallau ya ce a kira. Alhaji ya nuna musu wuri dab da tsohuwar, suka fara sabuwa, suna ɗaure ta da itace yadda ya kamata. Baiwa da Tata aka sa su kai musu abinci. Da suka isa suka ga an baje tudun da Sallau ke ƙarƙashinsa, an ja kunya a kai za a dasa albasa, an kuma kafa turke a gefe an ɗaure jaki. Suka ajiye akushi suka juya gida.

Da yamma suna lugude a turmi ɗaya, Tata ta fara magana, ba ta daina daka ba.

"Yaya, mu gudu. Mu tafi Ɗan Barto, ko mu haye iyaka."

"Mu bar shi a can, jaki na fitsari a kansa?"

Suka ci gaba da daka.

"Zan sake roƙonsa sau ɗaya," in ji Baiwa. "In ya yarda a tono yayanki a kai shi makwancinsa, shi ke nan, na bar shi da Allah."

"In ya ƙi fa?"

Baiwa ta tsayar da taɓaryarta a cikin turmi, ta dubi Tata ido cikin ido.

"In zan shiga wurinsa, ki biyo ni da taki taɓaryar."

Tata ba ta tambayi komai ba. Ta ce, "To."

Al'adar Alhaji ce in ya dawo daga sallar azahar ya kishingiɗa a shigifa, a kawo masa fura. Ranar Hajiya na ɗakinta wata maƙwabciya na mata kitso. Baiwa ta dama fura ta rufe da faifai ta shiga. Ta ajiye ƙwaryar, amma ba ta durƙusa ba. Alhaji ya lura.

"Gwiwarki ce ke ciwo?"

"Alhaji, a tono shi. A yi masa wanka, a sa masa likkafani, a kai shi maƙabarta kamar kowane musulmi. Masu haƙa na nan a garka, ba wani aiki ba ne a wurinsu. Ba na neman komai bayan wannan. In an yi, zan yi maka daka har in mutu."

"Daka kam za ki yi, ko an tono ko ba a tono ba." Ya tashi zaune. "Ke kin san da wa kike magana a tsaye? Ubana ne ya ciyar da uwarki. Shi ma wancan da ya ji maganata bai sa ransa a wani gari ba, da hannunsa bai yi rawa a rijiya ba. Durƙusa!"

"Ba zan durƙusa ba."

Ya miƙa hannu zai ɗauko bulalar da ke rataye a bango. Bai ga Tata ba, ta riga ta shigo ta bayansa. Ita ta fara sauke masa taɓarya. Ya kife kan ƙwaryar fura, ya yi yunƙurin tashi, Baiwa ta karɓi taɓaryar ta ƙarasa. Ko ihu bai samu ya yi ba. Suka tsaya suna haki har suka tabbata ya daina motsi. Baiwa ta ja mayafinsa ta rufe masa fuska.

Suka wanke hannu a bakin randa. Baiwa ta ɗauko galmar Sallau daga ɗakinsu, Tata ta ɗauki kwando. Suka tsaya a ƙofar ɗakin Hajiya.

"Hajiya," in ji Baiwa, "mun kashe Alhaji. Yana shigifa. In ana neman mu, muna garka."

Hajiya ta dube su, rabin kanta a tsefe, ba ta gane ba. Sai da suka kai zaure suka ji kururuwarta. Ta zauren suka fita, suka ratsa kasuwa da rana tsaka, ba gudu ba sauri.

A garka suka kwance jakin, suka tumɓuke turken, suka fara tono. Baiwa na sara, Tata na kwasa. Masu haƙa suka bar aikinsu suka tsaya kallo. Kafin wani lokaci garka ta cika, mutane har kan reshen mangwaro. Ga dogarai, ga gardi da bindigogi, babbansu wani tsohon soja mai suna Mahamadu. Ga kuma Idirisa, ƙanen Alhaji, da sanda a hannu, yana cewa a ba shi su, yau sai ya ga jininsu. Mahamadu ya tare shi da bindiga, ya matso bakin ramin.

"Ku fito. Ku ne kuka kashe Alhaji?"

Baiwa ta ɗago, ramin ya kai mata gwiwa, gumi ya jiƙe ta.

"Mu ne. Ba za mu musa ba, ba za mu gudu ba. Amma ba mai fitar da ni daga ramin nan sai tare da mijina. In gaggawa kuke yi ku harbe ni a nan, rami ya riga ya samu."

Ta sunkuya ta ci gaba da sara. Sai aka ga mutum ya ratso taron yana tuɓe riga. Ɗanladi ne. Ya dira cikin ramin ya miƙa hannu.

"Yaya, ba ni galmar. Hau ki huta."

Ta dube shi na ɗan lokaci, ta ba shi. Wani ɗan dako ya biyo baya, sannan wani. Masu haƙa suka dubi juna, suka kwaso itacen da aka kawo don sabuwar rijiya suka fara tokare bangon. Idirisa ya yi ta zagi yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya, yana cewa sun ci gyaɗarsu ta ƙarshe a Matameye. Ba wanda ya ɗago.

"Kana kallo?" ya ce wa Mahamadu. "Ba kama su aka aiko ka ba?"

Mahamadu ya samu kututture ya zauna, ya ɗora bindiga a cinya.

"An ce in kawo su. Ba a ce mini da wane lokaci ba."

Rana na gab da faɗuwa suka kai gare shi. A tsaye yake, igiya a ƙugunsa, hannuwansa a sama. Mata suka juya baya. Baiwa ba ta juya ba. Ta kwance mayafinta ta miƙa, wani ya ba da rigarsa, wani ya ruga kasuwa ya dawo da farin yadi bai ce daga wa ba. Gawar ba ta wankuwa, sai aka zuba mata ruwa daga sama aka naɗe. Liman da manyan gari suna can ƙofar gidan Alhaji suna tasa jana'izar, don haka wani malami mai ɗinkin hula a kasuwa shi ya shiga gaba. 'Yan dako da masu haƙa da masu tallan itace suka yi sahu a bayansa. Aka kai Sallau maƙabartar gari aka rufe shi, fuskarsa na duban alƙibla.

Da masu binnewa suka dawo suka ce an gama, Baiwa da Tata suka miƙa wa Mahamadu hannuwansu ya ɗaure.

Aka kai su Magarya, daga nan aka wuce da su gidan kaso na Damagaram. Sun yi watanni kafin a zauna shari'a. Dangin Alhaji da sauran attajirai suna ta kai gwauro suna kai mari, so suke a kashe su kowa ya gani, don kowannensu yana da masu daka a gidansa. Gwamnati ta ba su lauya, wani Bafaranshe mai ƙuruciya. Ya zo kaso da tafinta, ya ce hanya ɗaya ce za ta cece su: su ce hankalinsu ne ya gushe, ko iskoki ne suka hau su, su yi kuka, su nemi gafarar iyalin mamacin.

Tata ta yi dariya, dariyar farko tun ranar rijiya.

"Faɗa masa, tun da uwata ta haife ni hankalina bai taɓa zama daidai kamar ranar ba."

Ran shari'a ɗakin ya cika. Attajirai da manyan riguna a kujerun gaba, Hajiya Rabi'atu a lulluɓe a gefe, talakawa a waje suna leƙe ta taga. Alƙalin Nasara ya tambayi Baiwa, ta bakin tafinta, mene ne matsayinta a gidan mamacin.

"Baiwarsa ce ni. Gadona ya yi."

Tafinta ya yi ɗan jinkiri, sannan ya fassara. Alƙali ya ɓata rai ya yi magana mai tsawo. Tafinta ya ce, "Ya ce babu bawa a ƙasar da Faransa ke mulki. Ke mai aikin gida ce, kina da 'yancin tafiya duk ranar da kika so."

"To tambaye shi," in ji Baiwa, "in babu bawa, wane ne aka bari a rijiya don a gama loda gyaɗa? Ɗa ake yi wa haka? Wace ce aka ɗaure a turke don ta je ƙofar kumandan?"

Daga waje aka yi guna-guni, gardi suka daka tsawa. Alƙali ya ce ba shari'ar rijiya ake yi ba, abin da ya sami ma'aikacin garka haɗari ne, an riga an rufe maganarsa.

"Sallau," in ji Baiwa da ƙarfi. "Sunansa Sallau."

Matan da ke taga suka rufe baki. Mace ba ta kama sunan mijinta, balle a gaban jama'a, kuma ita kanta tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa fita daga bakinta ba. Ta sake maimaita shi, ta ce wa tafinta ya faɗa wa Nasara ya riƙe.

Aka kira shaidu. Idirisa ya ce ɗan'uwansa ya riƙe su kamar 'ya'yan cikinsa. Malam Mussa ya ce shi bai ga komai ba sai alheri. Sannan aka kira Ɗanladi, wanda ya tako daga Dawce da ƙafa ba a gayyace shi ba, lauya ya roƙa a saurare shi. Ya faɗi abin da Alhaji ya ce a filin gyaɗa kalma da kalma, ya faɗi yadda shi kansa ya koma ya ɗauki buhu.

Daga baya alƙali ya tambaye su ko suna nadama. Tata ce ta fara amsawa.

"Ina nadama ɗaya. Na ce wa yayana maza na hanya, alhali ba mai zuwa. Wannan ita ke hana ni barci. Ta Alhaji ba ta taɓa hana ni ba."

Alƙali ya juya wajen Baiwa.

"Rai na ɗauka, na sani, kuma na san zan tsaya gaban Allah a kansa," in ji ta. "Alhaji ma zai tsaya. In mun haɗu a can, abin da na faɗa a nan shi zan faɗa."

Hajiya ta yaye lulluɓi ta miƙe. "Butulu! A gidanmu kuka ci kuka sha!"

Baiwa ta waiwaya ta dube ta. "Mun ci, Hajiya. Mu muka daka, mu muka dafa."

Ba a yanke musu hukuncin kisa ba, shaidar Ɗanladi ta hana. Aka ba su ɗaurin rai da rai da aiki mai tsanani. Lauya ya ce su yi godiya ga alƙali. Ba wadda ta yi.

A Matameye kuwa abubuwa suka ɗan sauya, ba da hayaniya ba. Kafin damina ta kama, gidaje da dama sun wayi gari ba mai hura wuta, masu aikin sun ɗaure kayansu sun shiga ƙauye ko sun haye iyaka. Wasu iyayen gida suka fara sassauta murya. Wasu suka ƙara tsanani, suka daina yarda a shigo musu da fura in suna su kaɗai. Hajiya ta koma Damagaram wurin danginta. Ɗanladi bai sake samun dako a garin ba, ya koma gonar ubansa.

A kaso, bayan wani lokaci, aka kawo sabon shugaba. Matarsa na neman mai dafa abinci cikin fursunoni mata. Kowa na son aikin, don akwai inuwa, akwai ragowar nama. Gardi suka ce ba wadda ta kai Baiwa iya girki, kuma tun zuwanta ba ta taɓa faɗa da kowa ba. Aka kira ta ofis aka faɗa mata, ana jiran ta yi murna.

"Na gama shiga madafar wani," in ji ta.

Aka ce in ta ƙi, fasa dutse za a kai ta, can bayan gari inda ake tara tsakuwar hanya, aikin da maza ma ke gudu. Ta ce a kai ta. Tata ta ji, ta ce ita ma a haɗa da ita. Washegari aka ba su guduma ɗaya ɗaya, suka bi layin maza zuwa duwatsu.

Can suka yi shekarunsu. Tata tari ya kama ta, ta rasu a kaso, Baiwa ce ta yi mata wanka. Ita Baiwa an sallame ta bayan Nasara sun tafi, kanta ya yi fari, tafin hannunta ya zama kamar ƙirgi. Ta sauka a Dawce, ta kafa 'yar rumfa tana sayar da ƙosai. Duk wanda ya tambaye ta labarin, takan ba shi daga farko har ƙarshe ba ta rage komai ba. In ya ce Allah ya yafe miki, sai ta ce amin, ta juya ƙosanta.